Tambaya da Amsa: Katantanwar Indiya Mai Juyin Dama, Ƙaƙa Ake Gane Ta Gaske?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wannan karon saƙonni uku ne suka zo kan abu ɗaya, wato katantanwar teku, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Na farkon shi ya fi tayar min da hankali don maganar kuɗi ce a ciki, da shi za mu fara.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗan kasuwa ne nan Jega, albasa nike kaiwa kudu. Wani yaro abokin ƙanena ya sa ni cikin wani gurup na WhatsApp, can ne wani mutum da ya ce yana zaune Indiya ya turo min hoton wata katantanwa babba fara fat, ya ce wai ita ce mai juyin dama wadda Indiyawa ke girmamawa, wai in ka samu guda ka yi bankwana da talauci don attajiransu miliyoyi suke zubawa su saye. Yana son in tura mishi naira dubu ɗari takwas mu haɗa hannu mu saye ta wurin wani masunci da bai san darajarta ba, in an sayar mu raba riba, har bidiyo ya turo yana kara ta ga kunne yana cewa ana jin ƙarar teku ciki. Ni dai raina bai kwanta ba amma kuma zuciya na ja na. Malam abin ga akwai shi da gaske ko tatsuniya ce? In akwai, ƙaƙa ake gane ta gaske? Daga mai karanta ku kullum, Jega, jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin komai don Allah kada ka tura ko sisi tukuna, ka bari ka gama karanta wannan.

Abin akwai shi, ba tatsuniya ba ce. Akwai wani dodon koɗi na teku da masana ke kira Turbinella pyrum, Indiyawa kuma suna ce wa ɓawonsa shanka. A tekun Indiya yake rayuwa, musamman ruwan da ke tsakanin jihar Tamil Nadu da ƙasar Sirilanka, wajen garuruwan Tutikorin da Rameswaram, inda masu nutso suka daɗe suna tsamo shi. Mabiya addinin Hindu suna girmama shi ƙwarai, a zane-zanensu za ka ga abin bautarsu Bishnu riƙe da shi a hannu, suna yanke kan ɓawon su busa kamar ƙaho a wuraren ibadarsu, matan aure na yankin Bengal kuma da shi ake yanka musu farin awarwaro, har a tambarin gwamnatin jihar Kerala akwai hotonsa. To amma fa duk wannan da na lissafa da gama-garin ake yi, wanda ake tsamowa da yawa kowace shekara, ba wani tsada gare shi ba. Wanda ake rububi shi ne wanda ya fito a juye, wato murɗinsa ya saɓa wa na 'yan'uwansa, kamar yadda ake samun bahago a cikin mutane sai dai wannan ƙarancinsa ya wuce misali, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne guda ɗaya a cikin 200,000. Shi suke kira Dakshinabarti, Tamilawa su ce Balampuri, suna danganta shi da Lakshmi wadda a imaninsu ita ce ta arziki, kuma yawanci ba a busa shi, ajiye shi ake a ɗakin ibada. Mabiya Buddha na Tibet ma suna lissafa farar katantanwa mai juyin dama a cikin alamominsu 8 na alheri.

Yanzu ga inda kai ke ɗaurewa, kuma a nan 'yan damfara ke cin kasuwarsu. Kalmar dama da hagu a wannan harka ta danganta da yadda ka riƙe abin. Masana kimiyya suna riƙe katantanwa ne kan nan mai tsini da aka fara murɗawa yana kallon sama, bakin yana kallonka. In ka riƙe haka, mafi yawan katantanwar duniya bakinsu a hannun damanka zai faɗo, har da ta dodon koɗin da yara ke tsinta da damina, ita kuwa wadda ake nema bakinta a hagu yake, shi ya sa a littattafan kimiyya sunanta mai juyin hagu. Su kuwa Indiyawa kifa ta suke, kan ya koma ƙasa, dogon bututun nan na gindi ya kalli sama, sai bakin ya dawo dama, su ce mai juyin dama. Abu ɗaya ne suna biyu. To ka ga mutum zai iya ɗauko gama-gari ya riƙe ta irin riƙon masana, baki a dama, ya ce maka ai ga shi ido ba mudu ba, mai dama ce, kuma bai yi ƙarya a baki ba amma ya cuce ka. Saboda haka ka haddace wannan: kai a sama, baki na kallonka, in bakin na hagu to ta tsallake matakin farko, in yana dama ka tashi ka kakkaɓe rigarka.

Kuma wannan gwajin da hannunka za ka yi shi, ba a hoto ba. Kowa ya san kyamarar gaba ta waya tana juya hoto kamar madubi, ka ɗauki selfi da riga mai rubutu ka gani, a wayoyi da yawa rubutun a birkice zai fito, kuma ko ba haka ba danna wuri ɗaya ne a waya hoto ya juya, bidiyo ma haka. Katantanwar da ba ta kai kuɗin kwandon albasa ba za ta koma mai juyin dama cikin daƙiƙa biyu. In ma dai hoton za ka duba to ka ce ya ajiye ta kan jarida ko kusa da takardar kuɗi rubutun na fitowa sarai, duk da haka ban ce ka yarda ba, hoto hoto ne.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi cin mutane har da Indiyawan kansu. A can Amurka, gaɓar tekun Fulorida da Tekun Mekziko, akwai wata katantanwa da Turawa ke kira lightning whelk, wato mai walƙiya, saboda zane-zanen ruwan ƙasa da ke jikin ƙananansu kamar walƙiya. Ita wannan dukkan danginta haka Allah ya halicce su a juye, ba wani abin mamaki ba ne, tsintar ta ake a bakin ruwa, jihar Tekzas ma ta ɗauke ta a matsayin katantanwar jiha tun 1987. Ita ake kwasowa a wanke a goge ta yi fari a kai kasuwannin Indiya da shafukan intanet a sayar da sunan Dakshinabarti, wani lokaci har a liƙa mata azurfa a baki da kai don ta yi kwarjini. Mafi yawan waɗanda ake tallatawa da wannan suna ita ce. Ta ci gwajin farko lafiya lau tunda bakinta a hagu yake, to ƙaƙa za ka raba su?

Leƙa cikin bakin. A gefen ciki akwai ginshiƙin da duk ɓawon ya naɗe a kansa, a jikin wannan ginshiƙi shanka ta gaske tana da wasu layuka masu tudu a jere kamar haƙarƙari, galibi 3 ko 4, za ka gan su da ido kuma in ka sa yatsa za ka ji su ƙiri-ƙiri. Ta Amurka ba ta da su, ginshiƙinta sumul yake. Wallahi in da abu ɗaya tak za ka riƙe daga duk amsar nan to wannan ne. Bayan haka sai nauyi, ta gaske ɓawonta kauri gare shi, in ka ɗaga za ka ji ta yi maka nauyi fiye da girmanta kamar ka ɗauki tangaran mai kauri ko dutse, jikinta kuma a dunƙule yake kamar gora, kafaɗarta ba ƙaya, ita kuwa ta Amurka ba ta kai ta kauri ba, kanta a taƙaice, kafaɗarta da 'yan ƙulle-ƙulle a zagaye, bakinta dogo ne ya zarce har ƙasa da siririn bututu kamar wutsiya. In an fito da shanka daga ruwa ma ba fara ba ce, akwai wata fata mai ruwan ƙasa kamar karan-miski da ta lulluɓe ta, sai an kankare farin ke bayyana.

Da masu jabu suka gane mutane sun fara leƙa baki suna neman layukan, sai suka koma ƙera su, a kwaɓa gam da garin ɓawo a liƙa a jikin ginshiƙin ta Amurka a goge, wasu kuma gaba ɗayanta ma da roba ake zubawa a cikin ma'auni. Na liƙi a bakin ƙofa suke tsayawa, na halitta kuwa sun bi ginshiƙin sun murɗa har can ciki inda ido ba ya kaiwa, don haka ka haska tocila ka ga ko sun ci gaba ko sun yanke, ka duba ko launinsu ya bambanta da sauran jikin. Allura mai zafi in ka ɗosana a roba ko gam za ta nutse ta yi wari, ɓawo na gaske ba abin da zai same shi. Ɗigon ruwan kal a ɓoyayyen wuri zai yi 'yar kumfa in ɓawo ne don sinadarinsa irin na alli ne, amma wannan bai ce maka shanka ce ba, ya dai ce ba roba ba ce. Masu saye na gaske da za su zuba kuɗi masu nauyi hoton eksire suke yi mata irin na asibiti, shi ke nuna murɗin ciki da layukan tun daga sama har ƙasa, nan ne ƙarya ke ƙarewa.

Maganar ƙarar teku a kunne kuwa, Alhaji ɗauki kofin shayi ko ƙoƙo ka kifa a kunnenka yanzu, za ka ji irin wannan shuuu ɗin. Hayaniyar da ke kewaye da kai ce ke amsa-kuwwa a cikin kogon, kowace katantanwa na yi.

To bari in faɗa maka ra'ayina tsakani da Allah kan shi mutumin. Masuntan wancan yanki kaka da kakanni wannan ce sana'arsu, yaro ƙarami a cikinsu ya san in mai juyi ta fito an yi babban kamu, a ce wai akwai masuncin da bai san darajarta ba, wannan kamar a ce an samu Basarke a Argungu da bai san giwan ruwa ba ne. Sannan ka tambayi kanka, mutum yana zaune a ƙasar da ta fi kowace yawan mabiya Hindu a duniya, masu sayen na ƙofar gidansa, me ya hana shi samun abokin haɗin gwiwa a can sai ya tsallako teku ya nemo mai albasa a Jega? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba ka ga kaya ba, ba ka san mai saye ba, ba ka da wanda zai tsaya maka, cinikin biri a sama kenan, kuma dubu ɗari takwas wuri na gugar wuri buhun albasa nawa ka ɗora a mota kafin ka tara su, kai ka fi ni sani. Ni dai da ƙanena ne kai sai in ce ka fita daga gurup ɗin nan yau, ka kuma ja kunnen yaron da ya sa ka don watakila shi ma an yi masa romon baka ne. Wani abu kuma, darajar abin nan gaba ɗaya a kan imanin masu shi ta ginu cewa yana kawo arziki, mu ba mu da wannan aƙida, arziki na Allah ne, hukuncin cinikin abin da aka san don bauta za a saya kuwa wannan fagen malaman fiƙihu ne, ka samu malamin unguwarku ku zauna.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Bara na raka mahaifiyata jinya Cennai ta ƙasar Indiya, da muka samu sauƙi na sayo wata farar katantanwa a bakin teku don ado, tana kan shokes a falona. Wata maƙwabciyata ta ce in fitar da ita wai kayan tsafi ne, wata kuma ta ce in ɓoye wai dukiya ce. Wacce zan bi? Daga wata uwa, Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Hajiya sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya ya saka miki da alheri. Ki ɗauko ta ki yi gwajin da na faɗa wa Alhaji na Jega, kai a sama baki na kallonki. Kusan na tabbata a dama za ki ga bakin, wato gama-gari ce irin wadda ake jerawa a teburan masu tsaraba, in ma a hagu ne ki leƙa ko akwai layukan nan a ginshiƙi, don abin da ya kai wannan daraja ba a bar shi a tebur ana ciniki da baƙi. Batun tsafi kuma, ɓawon dabba ne Hajiya, halittar Allah ce kamar ƙahon rago, abin da mutum ya ƙudurta a zuciyarsa game da shi ne abin dubawa, ke kuwa don ado kika sayo. Kuma ai ɓawon tekun Indiya ba baƙonmu ba ne, wuri, wato ɗan ƙaramin ɓawon nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi a matsayin kuɗi a kasuwannin daular Sakkwato daga tsibiran Maldif na wannan tekun aka riƙa kawo shi, daga baya aka ƙaro wani iri daga gaɓar gabashin Afirka, kalmar kuɗi ma da muke faɗa kullum jam'in wuri ce. In dai zuciyarki ba ta natsu da ganinta a falo ba ki ɗauke, ba dole, amma kada ki bari wani ya zo ya ce zai kai miki ita a sayar ki ba da kuɗin mota.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne ɗan Yawuri, babanmu masunci ne. Na ji ana zancen katantanwa mai baki a hagu tana da tsada, to mu nan bakin kogi da fadamar shinkafa muna ganinsu da yawa, ƙanana da 'yan madaidaita. Ko su ne? In su ne ina ake kaiwa?

AMSA: Ƙanena na ji daɗin tambayar nan don ta nuna kana lura da abin da ke gabanka, kuma idonka bai yi maka ƙarya ba, lallai akwai masu baki a hagu a ruwayenmu. Sai dai ba su ba ne, shanka dabbar ruwan gishiri ce, ba ta zama a kogin Kwara ko gulbin Ka ko wani tafki. 'Yan madaidaitan da kake gani masu ruwan ƙasa-ƙasa akwai dangin da masana ke kira Lanistes, dodon koɗin ruwan daɗi ne na Afirka, dukkansu haka bakinsu yake. Abin da ya sa ta Indiya ta yi tsada shi ne ta saɓa wa danginta, su kuwa waɗannan ba su saɓa wa kowa ba.

Yadda abin ke faruwa ma akwai ban sha'awa. Tun dabbar tana ƙwai, a rabe-raben farko na ƙwayar halitta ake yanke inda za ta murɗa, kuma binciken da aka yi kan dodon koɗin tafki ya nuna gadon uwa ne ke yanke wannan. Wanda ya fito a juye a cikin dangin da ba a juye suke ba yana shan wahalar samun abokin barbara don gaɓoɓinsu ba sa haɗuwa daidai, wannan na daga cikin dalilan da ba sa yawaita. A 2016 an tsinci wani dodon koɗin lambu mai juyin hagu a Landan, masana a Jami'ar Nottingham suka yi ta cigiya a kafafen yaɗa labarai a nemo masa irinsa, aka kuwa samo, da aka yi 'ya'ya duk sai suka fito masu juyin dama.

Amma ƙananan nan su ne nake son ka buɗe kunne a kansu. Akwai wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ake kira Bulinus, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, bakinsa a hagu, yana maƙale a ciyayi da ganyen bado a ruwan da ba ya gudu sosai. Shi ne masaukin tsutsar da ke kawo tsargiya, wato fitsarin jini. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon koɗin ya hayayyafa, daga nan ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani su fito cikin ruwa su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko su ko dashen shinkafa. Don Allah kada ka tara yara ku shiga fadama tsintar su da sunan za a sayar, ba mai saye, ciwo kawai za ku kwaso. Kuma in kai ko wani a gidanku yana ganin jini a ƙarshen fitsari kada a ce ai alamar balaga ce kamar yadda wasu ke faɗa, a je asibiti a gwada fitsarin, akwai maganinsa praziquantel, ma'aikacin lafiya zai auna nauyi ko tsawon mutum ya ba shi daidai adadin da ya kamata. Ka gaida min da Baba.